Lambar Yabo Daban, Sanin Daraja Daban: Abin da Ya Biyo Bayan Gasar 1933



Duk wanda ya ɗan jima a ƙungiyoyinmu na marubuta ya san yadda ranar karramawa take. A kama ɗakin taro, a gayyato uban taro da babban baƙo mai jawabi, mai gabatarwa ya yi ta zuba kirari, a kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, a miƙa allon yabo ko takardar shaida, a ɗauki hoto, kafin magariba hoton ya karaɗe Facebook. Ba mu ce laifi ba ne, yabon gwani ya zama dole. Sai dai in ka zauna da wanda aka karrama bayan mako biyu, sau da yawa zai gaya maka cewa a cikin masu tafin nan da wuya a sami wanda ya karanta littafin da aka kira shi dominsa.

A nan ne bambancin yake. Karramawa tana zuwa ne bayan an gama aiki, daga na sama zuwa na ƙasa, a rana guda, kuma mutum kaɗan take isa. Sanin darajar ma'aikaci kuwa yana faruwa ne tun aikin yana ɗanye. Wani ne zai zauna ya duba abin da ka yi, ya gane abin da kake iyawa wanda kai kanka ba ka gama ganewa ba, ya ɓata lokacinsa a kanka, ya kuma gyara maka wurin da za ka yi aikin. Ana iya samun ɗaya babu ɗaya. Tarihin rubutun boko na Hausa ya nuna haka a fili, domin tun farkonsa a wuraren aiki aka haife shi: gidan ɗan mishan, ofishin Bature, hukumar gwamnati, kamfanin ɗab'i. Akwai maigida, akwai ma'aikaci, akwai albashi.

Mu fara da Dorugu, ɗaya daga cikin ma'aikatan farko da muka sani da suna a wannan fage. Ɗan ƙasar Damagaram ne, aka kama shi bawa yana yaro, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa Barno. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Adolf Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852 sai ya koma hannun Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasarmu suka sani da Abdulkarim. Ya bi Barth har Tambutu, suka dawo, suka ƙetare Sahara, a 1855 suka isa Ingila tare da wani yaro ɗan Margi mai suna Abbega. A can Dorugu ya zauna shekaru a gidan wani ɗan mishan, J. F. Schön, mutumin da ya daɗe yana nazarin Hausa amma bai taɓa taka ƙasar Hausa da ƙafarsa ba. Aikin Dorugu shi ne ya yi magana, Schön ya rubuta. Ya ba da tatsuniyoyi, ya ba da kalmomi, ya ba da labarin rayuwarsa.

Schön ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, sannan Magana Hausa a 1885. A 1877 aka ba shi lambar Volney ta Faransa saboda aikinsa a kan Hausa, a 1884 Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Mu yi masa adalci, bai ɓoye sunan Dorugu ba, labarin rayuwar yaron yana cikin Magana Hausa da sunansa. Amma a bangon littafi da wurin karɓar lamba, kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi. Dorugu ya dawo gida, ya tsufa, ya ƙare rayuwarsa yana koyar da boko a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A 1912 ya rasu. Sai a 1971, shekara kusan sittin bayan rasuwarsa, Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarinsa a littafin da ya ɗauke shi a matsayin mai ba da tarihin kansa.

Haka abin ya ci gaba. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, kundi uku da aka buga tsakanin 1911 da 1913, sunan Frank Edgar ne a kansa, alhali malamai ne suka zauna suka rubuta da ajami. Babban ƙamus ɗin nan na 1934 kowa Bargery yake kiransa, ba kasafai ake tuna Malam Mahmudu Ƙoƙi na Kano ba, wanda ya yi shekaru yana aikin tare da shi. Ba za mu tsaya a nan ba, domin ba kukan suna ne ya tara mu yau ba. Inda muke so mu yada zango shi ne Zariya.

A wajejen 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara, ta fara a Kano, daga baya ta koma Zariya, aka kuma sauya mata suna zuwa Hukumar Talifi. Wanda ya riƙe ta shi ne Dokta Rupert East, jami'in ilimi. Matsalar da ke gabansa mai sauƙin faɗa ce: ana koya wa yara karatun boko a makarantu, amma in sun iya babu abin da za su karanta don jin daɗi, sai littattafan aji da fassarar tarihi. Saboda haka a 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa, yana tara malamai masu ilimin boko, yana roƙonsu su rubuta ƙagaggen labari mai kalmomi kamar dubu ashirin, za a yi gasa. Shi da kansa ya bayyana daga baya, a wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936, cewa abin ya zo wa malaman banbaraƙwai. A wurinsu alƙalami na addini ne da manyan al'amura, ƙirƙirar labari kuwa aikin tatsuniya ne, na mata da yara da dare.

Duk da haka an rubuto, aka zaɓi biyar aka buga. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin kansa. Duk ɗalibin Hausa ya haddace wannan jeri, ana tambayarsa a jarrabawa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne me ya faru da mutanen biyar bayan an tashi daga gasar.

Dukkansu an karrama su iri ɗaya: an zaɓe su, an buga littafinsu, sunansu ya hau bango, littafin ya shiga makarantu. A wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma huɗu daga cikinsu ba a san su da ƙagaggen labari na biyu ba. Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da koyarwa a Bauchi, ya shiga siyasa, ya zama Firayim Minista, aka kashe shi a Janairun 1966, Shaihu Umar ne kaɗai ƙagaggen labarin da ya bari. Kuma duk wanda ya karanta shi, ya ga yadda matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya bi uwa tana neman ɗanta a hanyar bayi har cikin hamada, ya san akwai wasu littattafan a cikin wannan kai da ba su fito ba. Bello Kagara, yayan Imam, ya ci gaba da malanta da alƙalanci har ya zama Walin Katsina. Ba muna cewa an yi musu rowa ba ne, kowannensu yana da aikin da ya sha masa kai, wasu ma aikin ya fi rubutun labari girma a idon jama'a. Abin da muke nunawa shi ne cin gasa bai mai da ko ɗaya daga cikinsu marubuci na dindindin ba.

Na biyar ɗin fa? Abubakar Imam an haife shi a Kagara a 1911, ya yi Kwalejin Katsina, yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin gasar. Shekararsa ashirin da biyu, sa'an da yawa daga cikinmu a wannan zaure. Abin da ya fara samu daga East bayan ya aika da Ruwan Bagaja ba kirari ba ne, gyara ne. East ya karanta rubutun da idon basira, ya gano wuraren da saurayin ya ɗebo labarai daga littattafan da ya karanta, ya rubuta masa wasiƙa ya nuna masa. Imam bai taɓa musun aro ba. Ya faɗa daga baya cewa dabarar haɗa mutum biyu suna yi wa juna wayo, wadda ta ba mu Alhaji Imam da Malam Zurƙe, daga Maƙamatul Hariri ya koyo ta, ya sa mata rigar Hausa.

A tsaya a dubi wannan wasiƙa da kyau, domin a ganinmu ita ce mafarin komai. Mai shirya gasa yana iya karɓar rubutu, ya ba shi maki, ya sanar da sakamako, ya wuce. Kafin mutum ya iya ce maka labarin nan na babi kaza daga littafi kaza ka ɗauko shi, sai ya karanta ka layi-layi. Kuma kafin ya damu ya gaya maka maimakon ya jefar da rubutun, sai ya ga wani abu a cikin sauran shafukan da ya fi aron nan daraja. Abin da East ya gani shi ne yaron ya iya sarrafa harshe, ya iya ban dariya, kuma in ya ɗauko labarin wata ƙasa yana iya juya shi har ka rantse a Kwantagora ya faru. Wato abin da za a iya kira aibi a gasa, shi East ya hango a matsayin baiwa.

Shi ya sa a 1936 ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina. Malamin makaranta ne mai aji, ba a ɗauke shi haka kawai, sai da aka bi ta hannun hukuma. Aka kawo shi Zariya, aka sauke masa nauyin koyarwa na wata shida, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, irin su Alfu Laila da tatsuniyoyin Grimm, aka ce ya karanta ya rubuta. Yana rubutawa, East yana dubawa, suna tattaunawa. A cikin wata shidan nan aka sami Magana Jari Ce, littafi uku, labarai sama da tamanin, da akun nan da ya hana Musa ɗan Sarki Abdurrahman fita har ya zama waziri. Aka buga su daga 1937 zuwa 1939. Yau shekara tamanin da ɗoriya, har yanzu in aka ce a kawo misalin daddaɗar Hausa a rubuce, can ake fara zuwa.

Mu lissafa abin da aka ba shi, mu ga ko akwai allon yabo a ciki. An ba shi lokaci, wanda shi ne abin da ya fi tsada ga duk mai rubutu yana aikin albashi. An ba shi wurin zama da abin karatu. An ba shi mai karanta masa aiki tun yana ɗanye, mai iya ce masa nan ya yi, nan bai yi ba. An kuma ba shi aikin da ya dace da irin baiwarsa, ba a ce ya zo ya fassara littafin lissafi ba. Hausawa suka ce wanda ya san darajar goro shi ke nema masa ganye. Goro ba ya bukatar a yi masa kirari, ganye da yayyafin ruwa yake so.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Imam aka ɗauko ya zama editanta na Hausa, ya riƙe ta shekara goma sha biyu. A 1943 yana cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma da suka je Ingila ana tsakiyar yaƙi, tare da su Nnamdi Azikiwe. A can ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya tsara, ya kuma gana da Lugard ya zayyana masa matsalolin Arewa. Tafiyar ce ta haifi Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, suka yi Ikon Allah tare da East, ga littattafan tarihin Musulunci da ya yi daga baya. Duk wanda ya riƙe Magana Jari Ce bugun NNPC ya ga jerin haruffan da ke bin sunansa a bango, O.B.E. da C.O.N. da digirin girmamawa. Ya cancance su, har da ƙari. Amma a lura, babu ɗaya daga cikinsu da ya zo kafin aikin. Da a ce lambobin aka ba shi a 1936 aka bar shi a aji, da ba mu san aku ba.

To, kada mu mai da East waliyyi. Akwai ɗaya gefen, kuma ya kamata masu tasowa su san shi, domin irinsa yana nan har gobe.

Na farko, wanda ya san darajarka a wurin aiki yawanci yana da abin da yake nema. East littattafan makaranta yake so, masu tarbiyya irin wadda gwamnatin lokacin ta yarda da ita. Imam ya ba da labarin ƙa'idojin da East ya koya masa, daga ciki har da cewa kada ya bari mugu ya yi nasara a kan mutumin kirki a cikin labari. Ƙa'ida ce mai kyau ga littafin yara, amma takunkumi ce ga adabi, kuma inuwarta ta daɗe a kanmu. Har yau akwai mai karatun da zai yi fushi da kai in azzalumin labarinka bai haukace ko ya yi hatsarin mota a babin ƙarshe ba, kamar a duniya haka ake yi kullum. Wanda ya ba ka ɗaki da fitila, sau da yawa shi ke zaɓar maka tagar da za ka leƙa.

Na biyu, duk wannan a cikin gidan mulkin mallaka ya faru, kuma gidan hawa biyu ne. Akwai muƙaman Turawa, akwai na 'yan ƙasa, albashi daban, gidaje daban, hutu daban. A 1945, shekarar da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya da East a kansa, ma'aikatan Nijeriya suka yi yajin aikin gama-gari na sama da kwana arba'in a kan kuɗin tsadar rayuwa. A 1946 kwamitin albashi na Harragin ya sauya wa muƙaman Turawa suna zuwa siniya sabis, amma ya bar wa Turawan ƙarin kuɗin baro gida. A irin wannan tsari, maigida yana iya ganin ƙimarka har cikin zuciyarsa, ya yabe ka a gaban Gwamna, amma shi ke riƙe da kasafi, shi ke da maganar ƙarshe a kan abin da za a buga, ko da kuwa da harshen uwarka ake rubutun. Gwamnatin mulkin mallaka kuma ta ƙware wajen rabon lambobi, ga sarakuna, ga ma'aikata, ga tsofaffin sojoji. Lamba ba ta da tsada. Daidaita albashi ne ke da tsada. Wannan ya sa muke ganin sanin darajar da ya tsaya a fatar baki, bai taɓa albashi da matsayi da ikon yanke shawara ba, rabinsa ne kawai aka yi.

Akwai kuma maganar Jiki Magayi, inda sunan shugaban hukumar da ta shirya gasar ya fito a bango tare da na John Tafida. Wasu za su ce gaskiya ce East ya faɗa, tunda ya sa hannu a aikin. Wasu za su ce ai ya sa hannu a sauran ma, don me nan kaɗai? Mun bar wa zaure wannan. Abin da za mu ƙara shi ne, da ya fassara tarihin Tibi wanda Akiga Sai ya rubuta, aka buga a 1939, sunan Akiga ne a kan littafin. Idan aka auna da zamanin Dorugu, an yi tafiya.

East ya bar Gaskiya a farkon shekarun 1950, Imam ma ya koma siyasa da aikin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa. Hukumar NORLA ta karɓi aikin littattafai daga 1954 zuwa 1959, sannan aka kafa NNPC a 1966. Gasa ta sake dawowa a ƙarshen shekarun 1970, wadda ta ba mu So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, aka buga su a 1980. Gasar Sashen Al'adu na Tarayya ta biyo baya, a 1982 aka sami su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya. Littattafai ne masu nauyi. Sai dai sun fito daidai lokacin da tattalin arziki ya fara karyewa. Tsuke bakin aljihu ya zo, SAP ta biyo a 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan manhaja da suka tabbata za a saya. Matashi mai rubutu a hannu ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Abin da ya faru bayan nan kishiyar 1933 ne, kuma shi ya fi ba mu sha'awa. Matasa, maza da mata, suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu a ƙananan maɗaba'u, suna kaiwa kasuwa. Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, da ɗaruruwa irinsu. Babu hukumar da ta karrama su. Akasin haka ma, aka laƙaba wa aikin nasu Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu ko ya cancanci a kira shi adabi, malamai suna wa'azi a kansu, har a 2007 aka ƙona littattafai a bainar jama'a a Kano. Amma ta ɓangaren sanin daraja ba su yi talauci ba. Masu karatu suna rubuto musu wasiƙu, suna jayayya da su a kan abin da tauraruwar labari ta yi, ana karanta littattafan a rediyo, ana karɓar haya a unguwanni har bango ya yage. Suka kuma kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya, inda wanda ya riga ka bugawa zai nuna maka maɗaba'a, ya haɗa ka da dillali, ya sa sunan littafinka a bayan nasa. Abin da East ya yi wa mutum ɗaya daga sama, su suka yi wa juna a tsakaninsu, gwargwadon ƙarfinsu. Gaskiya ne gyaran rubutu ya yi ƙaranci, ƙa'idojin rubutu sun sha wuya a littattafai da yawa, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma mutane sun ci gaba da rubutu, littafi bayan littafi, shekara da shekaru, ba tare da ko takardar shaida ba.

Karramawar ta zo daga baya, kamar yadda ta saba. Aka fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Gidan Dabino ya karɓi lambar ƙasa ta M.O.N. a 2014. Jami'o'in da a da ake ɗaga wa littattafan hanci suka cika da kundayen digiri a kansu.

Mu kuma a yau gasa ba ta yi mana ƙaranci ba. Hikayata ta BBC Hausa tana gudana tun 2016, ga wasu na cibiyoyi da na ƙungiyoyi da na zaurukan intanet, kusan kowane wata akwai sanarwa. Alheri ne, ya fito da sunayen da da ba za a ji su ba, musamman mata. Amma mu tambayi kanmu, wanda ya zo na ɗaya a gasar ƙungiyarmu bara, wa ya zauna da shi bayan biki ya ce kawo littafinka na gaba mu duba? Wanda ya zo na goma sha bakwai fa, ko an mayar masa da layi biyu da ke nuna inda labarinsa ya karye? Mafi yawan lokaci sakamako kawai ake liƙawa. A zaurukan da muke sakin labari shafi-shafi kuwa, abin da marubuciya take samu shi ne addu'ar ƙarin basira da neman ci gaba. Yana da daɗi, yana ƙara ƙarfin gwiwa, amma da za ta saki shafin da ta rubuta tana gyangyaɗi, irin saƙonnin da za ta samu ke nan.

Sannan akwai Dorugun zamaninmu, waɗanda ba a kiransu ranar taro sam. Mai buga rubutu a kwamfuta da ya gyara maka ɗauri da ƙugiya shafi ɗari biyu. Mai zanen bango. Sakataren ƙungiya da ke bin mutane da waya a kan kuɗin wata. Marubucin fim da ake jin sunan jarumi da darakta a ko'ina, nasa kuwa ya wuce a guje a farkon fim, wani lokaci ma cikon kuɗinsa bai fito ba. Waɗannan ba allo suke jira ba. A biya su a kan lokaci, a sa sunansu inda ya dace, a tambaye su ra'ayinsu kafin a yanke shawara a kan aikin da suka fi kowa sani.

Ga mai son ya bi labarin Imam da East daga tushe, akwai littafin tarihin rayuwar Imam da Abdurrahman Mora ya tace, NNPC ta buga a 1989, shekara takwas bayan rasuwar Imam a Zariya a 1981. Da Turanci yake, amma ya cancanci a nema a ɗakunan karatu na jami'o'i da kwalejoji. A ciki akwai zamansa na Zariya, da aikin jarida, da tafiyar Ingila, da maganar gyaran da aka yi wa Ruwan Bagaja tun yana malamin Midil.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.